Ɗigon da ya faɗa gonar Abarshi

Saniyar Yero mai lamba bakwai ba ta shiga gonar Malam Abarshi ba. Ɗigon da ya nuna ta a tsakiyar masara, wanda aka buga a takarda aka kai gaban dagacin Kazage, rabinsa nata ne, rabinsa na wata saniya ce da ke kiwo can ta hanyar Tabanni. Wadda ta gano haka ita ce Bushira Abdulkahar, mai rubuta manhajar kwamfuta a wata ƙaramar ƙungiya da ke da ofis a Magajin Gari, cikin Birnin Gwari. Ita ce kuma ta buga takardar. Abin ya faru a daminar bara, lokacin da masara ta fara goyo.

Ƙungiyar tana rataya wa shanu wata na'ura a wuya, mai girman sabulun wanka, mai caji da hasken rana, cikin jakar fata. Makiyaya suna ce mata laya. Kowace laya takan aika gajeren saƙo ta iska lokaci zuwa lokaci: lambarta, lokaci, sai lambobi biyu na inda take, ɗaya ta arewa da kudu, ɗaya ta gabas da yamma. Eriyar da aka kafa a kan tankin ruwan Kazage ce ke kama saƙonnin. An fara aikin ne saboda ɓarayin shanu, don a san inda aka nufa da garke in an kora shi. Amma da manoma suka ga taswirar, sai suka ce ai ga shaida ta samu. Aka yi yarjejeniya a gaban dagaci: duk wanda taswira ta nuna shanunsa cikin gona da damina, zai tashi daga ƙasar Kazage har a gama girbi.

Ga mai garke, tashi daga Kazage a watan Agusta shiga daji ne. Kowa ya san waɗanda ke cikin dajin.

Da shanu suka cinye wa Abarshi gefen gona, dagaci ya aiko a kawo taswirar ranar. Bushira ta buga ta aika. Aka ba Yero zuwa Juma'a mai zuwa ya kwashe.

Washegari da hantsi ya zo ofis. Dattijo ne siriri, ya ƙi kujera, ya tsugunna kusa da ƙofa ya jingine sandarsa a kafaɗa.

"Malama, ke kika rataya mini layar nan."

"Ni ce, Baffa."

"Kin ce za ta tsare mini shanu. Ga shi ita ta kai ni ƙara."

"Ina kuke ranar?"

"Bakin rafi, yamma da gari. Ni da kaina na kai su, tun hantsi har la'asar. Gonar Abarshi tana gabas. Saniya ba ta da fiffike."

Bushira ta juya ga teburinta. Ta buɗe taswirar a kwamfuta ta bi ɗigon lamba bakwai ɗaya bayan ɗaya. Bakin rafi, bakin rafi, bakin rafi. Sai guda ɗaya cikin gonar Abarshi. Na bayansa ya koma bakin rafi kamar ba abin da ya faru. Ta auna tazarar. Ko babur sai ya yi gudu kafin ya je ya dawo tsakanin saƙo biyu. Ranar da ta buga takardar, gonar kaɗai ta duba, domin gonar aka tambaye ta.

"Ka je gida, Baffa. Kada ka fara kwance bukka tukuna."

"In Juma'a ta zo fa?"

"Zan zo kafin ta zo."

Manhajar kashi biyu ce. Kashin ƙasa Japheth ne ya rubuta shi da yaren C. Shi ne injiniyan ƙungiyar, shi ke haɗa layun da hannunsa, kuma kashinsa ne ke magana da eriya kai tsaye. Yana karɓar saƙo a matsayin jerin lambobi tsirara, ya duba hatimin da ke ƙarshensa don ya tabbata bai lalace a hanya ba. Kashin sama na Bushira ne, da yaren Python, wanda Japheth ke kira mesa, don ma'anar sunan ke nan da Turanci. Shi ke karanta lambobin ya mai da su ɗigo a taswira. Tsakanin kashin biyu akwai 'yar gada, layuka kaɗan na manhaja da suka rubuta tare a farkon aikin, da sauri, kuma tun daga nan ba wanda ya sake leƙa ta.

Japheth ya saurare ta yana cin gyaɗa.

"Wurina ba ya ƙarya," in ji shi. "Duk saƙon da ya shigo sai na duba hatiminsa. Wanda ya lalace, na yar. Ki duba mesarki."

"Mesata abin da aka ba ta take haɗiyewa. Me ka ba ta?"

"Abinci mai kyau. In ta amayar da ƙashi, cikinta ne."

"Injiniya, an ba mutum zuwa Juma'a."

Ya ajiye gyaɗar. Ya ce tauraron ɗan'adam da laya ke gane wuri da shi yakan yi kuskure idan hadari ya yi kauri. Ta ce yakan yi, na faɗin tsakar gida, ba na faɗin gari ba.

Ta rubuta lambobi biyun ɗigon a gefen allon ofis ta zauna tana kallonsu. Ta arewa da kudu ba ta da aibu, daidai take da ta ɗigon da ya gabata da wanda ya biyo baya. Ta gabas da yamma ce ta yi tsalle. Kuma ba ta yi kama da lambar da ta lalace ba. Lalatacciyar lamba takan jefa saniya cikin teku ko wata ƙasa. Wannan lamba ce mai hankali, ta wurin da saniya za ta iya tsayawa. Sai ta yi tunanin ko ta wani ce.

Ta sa kwamfutar ta nemo ta cikin dukkan saƙonnin ranar. Ta fito sau biyu. Ɗaya a lamba bakwai, ɗaya a lamba goma sha biyu, iri ɗaya har zuwa harafin ƙarshe, kuma a daƙiƙa ɗaya. Lamba goma sha biyu tana arewa sosai, ta hanyar Tabanni. Bushira ta ɗauki abin ja layi. Ta ja ɗaya daga bakin rafi zuwa gabas, ta ja ɗaya daga inda goma sha biyu take zuwa kudu. Suka haɗu a gonar Abarshi.

Japheth ya daɗe yana kallon allon.

"To wa ya gauraya su?"

"Ko kai, ko ni, ko gadar."

Akwatin eriyar da ke kan tanki yana ajiye kowane saƙo a katin ajiyarsa yadda ya zo daga iska, kafin kowa ya taɓa shi. Da safe suka tambayi masu babur labarin hanya, aka ce lafiya lau tun shekaranjiya, suka hau. Japheth ya hau tankin ya sauko da katin cikin aljihun rigarsa. Suka buɗe shi nan gindin tanki, kwamfutar a kan sirdin babur. Bushira ta karanta lambobin da ido, bibbiyu bibbiyu. Saƙon lamba bakwai cikakke ne, kuma bakin rafi yake nunawa. Na goma sha biyu yana biye da shi, shi ma cikakke.

"Na gaya miki," in ji Japheth.

"Ka gaya mini ya shigo lafiya. Ba ka gaya mini ya fita lafiya ba."

Suka koma ofis suka buɗe gadar. A nan abin yake, a fili, ga wanda ya san abin da yake nema. Kashin Japheth wurin ajiye saƙo ɗaya gare shi, kamar allo. In saƙo ya zo, sai ya rubuta a allon, ya duba hatimi, ya ce wa kashin Bushira ga shi nan. Ba ya miƙa masa kwafi, allon kawai yake nuna masa. Shi kuma sai ya karanta a hankali, lamba, lokaci, arewa da kudu, gabas da yamma. In wani saƙon ya iso kafin ya gama, kashin ƙasa ba ya jira. Sai ya rubuta sabon a kan tsohon, mai karatu kuma ya ci gaba daga inda ya tsaya bai san an sauya masa allo ba.

Japheth ya ce gyaran ba zai kai la'asar ba. Su gyara, su rubuta wa dagaci cewa na'ura ce ta yi kuskure.

"Kuskuren da ba mu gani da idonmu ba?" in ji Bushira. "Abarshi zai ce Yero ya zo ofis, taswira ta sauya. Kuma da ni ce shi, haka zan ce."

"Ai kin ga dalilin a rubuce."

"Na ga yadda zai iya faruwa. Ban ga ya faru ba. Ni na kunna layun nan ɗaya bayan ɗaya, na bar tazara tsakaninsu don kada biyu su yi magana tare. Me ya haɗa bakwai da goma sha biyu?"

Wannan ne ya cinye musu sauran ranar da wadda ta biyo. Laya ba ta bin agogon bango wajen aika saƙo. Daga lokacin da ta farka take ƙirga nata. Suka jera layun gwaji a kan tebur, suka kunna, suka jira. Ba ko ɗigo ɗaya da ya kauce. Japheth ya gwada kunna biyu tare da yatsu biyu, amma hannun mutum ba ya daidaita haka, kullum ɗaya na rigan ɗaya da abin da ya isa mesa ta gama karatu. Bushira ta koma katin ta bi bakwai da goma sha biyu baya. Tun farkon damina kowace da lokacinta. Sai wata ranar kasuwa duka biyu suka yi shiru, da suka dawo kuma suka dawo tare, kamar an ɗaure su.

Ta kira Yero a waya.

"Baffa, mai lamba goma sha biyu, sunanka ke kanta. Me take yi a hanyar Tabanni?"

"Tana wurin Gambo, wani ɗan'uwanmu makiyayi."

"Ka sayar masa?"

"A'a, aro ne. An kore masa nasa bara, bai da ko ta nono. Na ba shi ita ta zauna wurinsa ta haihu, ya riƙe 'yan maruƙan, ya dawo mini da uwar. Haka muke yi."

"Layar fa, kun taɓa cire ta?"



"Hadari ya yi yawa, rana ba ta fitowa, fitilarta ta mutu. Gambo ya kawo mini ita kasuwa. Saniya tawa ce, laya tawa ce, ba zai kai ta gyara da kansa ba, ba ladabi ba ne. Ni ma ta bakwai ta mutu. Na haɗa su na ba mai cajin waya."

An gaya wa makiyayan su kawo layu ofis idan batir ya mutu. Amma ofis na cikin gari, kasuwa na kusa, kuma bakin cajin laya irin na waya ne. Japheth ne ya zaɓe shi haka don sauƙi.

Bushira ta je kasuwar. Rumfar mai cajin katako ne da aka jera wa soket daga sama har ƙasa, kowace waya da 'yar takardar suna manne a bayanta. Ta tsaya gefe tana kallo. Mutumin ba ya tayar da janareta don waya ɗaya. Sai ya karɓa ya jona, ya karɓa ya jona, har katakon ya cika, sannan ya zagaya baya ya ja igiya. Janareta ya kama, fitilun wayoyin suka haska gaba ɗaya.

"Hajiya, caji ne ko kallo?" in ji shi.

"Na samu abin da na zo nema."

"To ki bar wa masu caji hanya."

A ofis suka bar layu biyu batirinsu ya ƙare ƙaf. Suka jona su a soket ɗaya, Bushira ta danna makunnin bango. Suka farka tare. Japheth ya rage tazarar saƙo don kada su kwana jira, ya ɗauki ɗaya ya hau babur ya nufi bakin gari, ɗayar tana kan tebur gaban Bushira. Saƙonni da yawa suka wuce lafiya. Sai layar da ke kan teburinta ta bayyana a taswira cikin wata unguwa da ba ta taɓa zuwa ba, ta dawo. Bushira ta jira har ta sake yi, ta sake yi, sannan ta kira shi.

"Dawo, Injiniya. Ta tafi yawo."

Gyaran bai yi tsawo ba. Gadar ta daina nuna allo. Yanzu sai ta kwafe saƙon gaba ɗaya ta miƙa, kuma kashin ƙasa ba ya rubuta sabo sai an gama kwafin, wanda ya iso ya shiga layi. Suka maimaita gwajin da sabuwar gadar har rana ta yi sanyi, ɗigon bai motsa daga tebur ba. Japheth ya kai hannu zai goge tsohuwar manhajar, ta hana shi. Ta ce da ita za su je Kazage.

An zauna bayan sallar Juma'a a ƙofar gidan dagaci. Manoma gefe ɗaya, makiyaya gefe ɗaya, Yero a ƙarshen tabarma. Abarshi ya zo da karan masara guda biyu da aka cinye kansu, ya ajiye a gabansa.

Bushira ta gaishe da dagaci ta ce takardar da ta aiko ba daidai ba ce, kuma ba ta so a yarda da maganarta, tana so a gani. Ta roƙe shi ya riƙe ɗaya daga layun gwajin da suka farka tare. Japheth ya tafi da ɗayar a kan babur. Ta juya kwamfutar ta fuskanci jama'a, ta nuna musu ɗigon da ke kan gidan dagaci.

"Ranka ya daɗe, wannan kai ne. Kada ka tashi."

"Ina zan je?"

Aka jira. Wani ya yi tari, wani ya ce rana na yi. Bushira ba ta ɗaga ido daga kwamfutar ba. Ta san abin ba ya zuwa da kira, kuma ta san in bai zo ba a wannan zaman, ba za a ba ta wani ba. Saƙo ya shigo, ɗigon na nan. Wani ya shigo, yana nan. Abarshi ya fara tattara rigarsa.

Ɗigon ya ɓace daga gidan dagaci ya fito a tsakiyar tafkin da ke bayan gari.

Wani tsoho cikin manoman ya matso ya ƙura ido.

"Ranka ya daɗe, ashe wanka ka tafi ba ka gaya mana ba."

Aka yi dariya, har da dagacin, wanda ya duba layar da ke hannunsa ya duba ƙafafunsa. Bushira ta yi bayanin allo ɗaya da saƙo biyu, da layun da suka farka tare a rumfar caji. Ta nuna abin da katin tanki ya ajiye na ranar. Sannan ta kunna sabuwar manhajar, aka sake jira, dagaci bai bar gidansa ba.

Abarshi bai yi dariya ba. Ya ɗaga karan masarar.

"Na ji, 'yata. Na'urarku ta yi ƙarya. Wannan ma ƙarya ce?"

"A'a, Baba. Shanu sun ci maka gona."

"To na wa?"

"Ban sani ba."

Dagaci ya miƙa mata layar.

"Malama, za ki iya tsayawa a nan ki ce shanun Yero ba su shiga gonar nan ba?"

Ta ji idon Yero a kanta. Da ta ce e, da magana ta ƙare a wurin.

"Ranka ya daɗe, zan iya cewa mai lamba bakwai ba ta shiga ba. Akwai wasu biyu masu laya a garkensa, su ma suna bakin rafi ranar. Sauran garken ba su da laya. Abin da ban gani ba, ba zan ce ba."

Yero ya sunkuyar da kai yana zana ƙasa da sandarsa. Dagaci ya yi shawara da waɗanda ke kusa da shi ƙasa-ƙasa. Ya ce takardar da aka yanke hukunci da ita ta faɗi, don haka hukuncin ya faɗi, Yero ya zauna inda yake. Ya ce daga yau taswira shaida ce cikin shaidu, ba alƙali ba. Ya kuma naɗa dattawa biyu, manomi da makiyayi, su je gonar su bi sawu.

Da aka watse, Yero ya biyo Bushira har inda babur yake.

"Malama, da kin ƙara kalma ɗaya."

"Kalma ɗaya ce ta kawo mu nan, Baffa."

Ya gyaɗa kai, bai yi godiya ba, bai yi fushi ba. Ya tambaya ko akwai sauran layu, yana so a rataya wa bijimai biyu da suka fi yawo. Japheth ya ce akwai, amma in batir ya mutu ya kawo ofis. Yero ya ce ofis da nisa. Bushira ta ce ya kai kasuwar, yanzu ba komai.

Dattawan biyu sun je gonar da safe. An yi ruwa sau da yawa tun ranar ɓarnar, sawun ya narke sai kaɗan a gindin shinge. Abin da suka iya faɗa shi ne shanun sun shigo ta kusurwar arewa maso yamma. Ta nan hanyar rugar Yero take, ta nan kuma burtalin da ke fitowa daga daji ya biyo. Har Abarshi ya girbe abin da ya rage, ba a san ko garken wa ba ne.